Sun ce "sabon tsari" ne, mu kuma kwaɗo muka gani a ƙofa

Wannan makon aka ba ni filin, kuma zan yi amfani da shi a kan abin da ya hana gidanmu barci tun watan jiya. Wanda ke zaune a nan Ingila kuma yake da ɗa, ko ƙane, ko 'yar'uwa mai tawayar fahimta, ya karanta har ƙarshe. Wanda ba shi da kowa ma ya karanta, don harajin da yake biya wa ƙaramar hukuma duk wata yana cikin wannan zance.

Wata takarda ce ta zo wa mahaifiyarmu daga ƙaramar hukumar garinmu, shafi huɗu, da hoton wasu mutane suna dariya a lambu. Babu kalmar rufewa a cikinta ko sau ɗaya. Abin da ke ciki shi ne za a "sabunta damar yini", za a "ba kowa zaɓi", za a "mayar da mutane cikin al'umma". Umma ta ce in karanta mata. Na karanta, na fassara, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, motar za ta ci gaba da zuwa ɗaukarsa ko kuwa?" Na sake bin takardar daga farko zuwa ƙarshe. A shafi na uku, cikin ƙananan haruffa, na ga cewa cibiyar da ƙanena yake zuwa shekara goma sha tara tana cikin waɗanda ake "duba makomarsu".

Ƙanena ya haura shekara arba'in. Yana da lalurar Down, yana da farfaɗiya, maganarsa kaɗan ce, kuma sai wanda ya saba da shi ke gane ta. Don Allah a bambance: tawayar fahimta daban, taɓin hankali daban. Shi da ita aka haife shi, koyon abu yana ɗaukarsa lokaci, kuma yana buƙatar mai tallafa masa har ƙarshen rayuwarsa. Kwana huɗu a mako mota tana zuwa ƙarfe tara ta ɗauke shi, ta dawo da shi ƙarfe uku da rabi. A can yana shuka tumatir, yana taya masu girki wanke kofuna, yana da aboki ɗaya da suke zama gefe da gefe kusan ba sa cewa uffan, kuma in ɗayansu bai zo ba ɗayan ba ya cin abinci. Ma'aikatan wurin sun san alamar da yake yi da hannu in farfaɗiya za ta tashi. Sun san ba ya cin naman alade ba sai an tuna masu ba. A waɗannan sa'o'i shida da rabi ne Umma, mai shekara saba'in da uku da ciwon gwiwa, take zuwa asibiti, ta yi cefane, ta ɗan runtsa. Abin da ake duba makomarsa ke nan.

Kafin in ci gaba, bari in ba su haƙƙinsu, don kada a ce na zo da son zuciya. Masu cewa tsohon tsari yana da aibu ba ƙarya suke yi ba. A ƙasar nan an yi shekaru ana kulle irin su ƙanena a manyan asibitoci a bayan gari, daga ƙuruciya har mutuwa. Sai da asirin asibitin Ely na birnin Cardiff ya tonu a ƙarshen shekarun 1960, aka ga irin wulaƙancin da ake yi wa mutane a ciki, sannan gwamnati ta fara maganar fitar da su a 1971. Cibiyoyin yini da suka biyo baya su ma da yawa ba abin alfahari ba ne. An tara mutum ɗari a rumfa guda a unguwar masana'antu, suna zuba kusoshi a leda daga safe zuwa yamma, a biya su abin da bai kai kuɗin shayi ba. Babu mai tambayar mutum abin da yake so. A 2001 gwamnatin Tony Blair ta fitar da manufar da aka sa wa suna Valuing People, wadda ta tsaya a kan abu huɗu: haƙƙi, dogaro da kai, zaɓi, da shiga cikin jama'a. Iyaye da masu lalurar da kansu ne suka yi gwagwarmayar samun waɗannan kalmomi. Ni ma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Na san matasa masu tawayar fahimta da suka bar cibiya suka kama aiki a kanti, suna hawa bas su kaɗai, kuma ba za su koma ba ko an biya su.

Damuwata ita ce abin da aka yi da waɗannan kalmomi bayan 2010, lokacin da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu ta zaftare kuɗin da take ba ƙananan hukumomi. Kalmomin da aka ƙirƙiro don a 'yantar da mutane sai suka koma rigar da ake sa wa yankan kasafi. Idan kansila ya tashi ya ce "ba mu da kuɗi, za mu rufe wurin da naƙasassu ke zuwa," jaridar gari za ta sa shi a shafin farko. Idan kuwa ya ce "za mu ba su zaɓi da 'yanci," har tafi ake yi masa. Sakamakon iri ɗaya ne, kwaɗo a ƙofa.

Ba yau aka fara ganin wannan ba. Tun a 2012 ƙungiyar Mencap ta yi bincike a kan yankan da aka yi wa hidimar yini, ta gano cewa kusan ɗaya cikin uku na ƙananan hukumomi sun rufe irin waɗannan wurare cikin shekara uku, kuma ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu tawayar fahimta da aka tambaya ba ya yin ko awa ɗaya a waje da gida a yini. An ce za a shigar da su cikin al'umma, sai ga su a falo gaban talabijin. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Kwanan nan kuma mun ga abin da ya faru a Birmingham. A watan Satumba na 2023 hukumar birnin ta bayyana cewa ta kasa daidaita kasafinta, saboda bashin ƙarar bambancin albashi tsakanin maza da mata da kuma wata manhajar lissafi da ta cinye kuɗi ba ta yi aiki ba. A 2024 aka amince da rufe cibiyoyin yini huɗu na manya, a shekarar da aka ƙara wa mutanen birnin haraji kusan kashi 10 cikin 100. Wane ne cikin masu zuwa waɗannan cibiyoyi ya sa hannu a kwangilar manhajar? Babu. Amma su aka fara miƙa wa takardar biya.

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin da ke cikin takardar da aka aiko wa Umma ɗaya bayan ɗaya, domin na lura duk garin da aka je kusan su ɗin ne ake maimaitawa.

Hujja ta farko: wai mutane sun rage zuwa, rabin kujerun babu kowa. Gaskiya ne sun ragu. Amma wa ya rage su? A cibiyar ƙanena, shekara biyar ke nan ban ga sabuwar fuska ba. Na san iyalai biyu da 'ya'yansu suka gama makaranta, suka nemi gurbi, jami'ar walwala ta ce masu "yanzu ba ma tura mutane can." An rufe ko'ina a watan Maris na 2020 saboda korona, aka buɗe rabi-rabi, aka rage kwanaki, aka cire motar wasu unguwanni, aka ƙara kuɗin da ake cira daga alawus ɗin mutum. Wasu tsofaffi sun rasu, wasu iyalai sun gaji sun haƙura. Bayan duk wannan sai a zo da jadawali a nuna mana cewa wurin ya yi wa mutane yawa. Wannan kamar mutum ne ya toshe magudanar ruwa da hannunsa, ya dawo yana kiran jama'a su zo su shaida gona ta bushe.

Hujja ta biyu: wai ginin ya tsufa, gyaransa zai ci kuɗi. Ginin na wa? Na hukumar. Wa ya bar rufin yana yoyo shekara goma? Hukumar. Kuma abin da ba a faɗa a takardar shi ne me za a yi da filin bayan an rufe. Duk wanda ya san darajar fili a garuruwan Ingila ya san ruwa ba ya tsami banza. Ni ban ce kowane gini sai an riƙe shi har abada ba. In ya lalace, a nuna mana sabon wurin, mu shiga mu gani, mu auna ƙofar banɗaki, sannan a zo a yi maganar rufe tsohon.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi daɗin ji: wai za a ba kowa kuɗinsa a hannu ya tsara yininsa yadda yake so. Wannan tsari na ba da kuɗi kai tsaye ya samu ne da dokar 1996, kuma ga mutane da yawa alheri ne. Amma a zo mu yi lissafi. A cibiya, ma'aikaci ɗaya yana kula da mutum uku ko huɗu, ɗakin girki ɗaya, mota ɗaya, banɗaki ɗaya. In ka raba mutanen nan ka ce kowa ya nemi nasa ma'aikacin, kuɗin da ya sayi yini guda a da yanzu sa'o'i kaɗan zai saya. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan a Afrilun 2025 ya kai fam 12.21 a awa, ban da inshora da hutu da fansho. Abin da aka yi mana tayi a baki shi ne sa'o'i goma a mako, a madadin ashirin da shida da yake samu yanzu. Sauran sa'o'i goma sha shida fa, wa zai ɗauka? Takardar ba ta faɗa ba, amma kowa ya san amsar: Umma. Kuma daga ranar da ta karɓi kuɗin nan ta zama mai ɗaukar ma'aikata. Ita za ta nemo mutum, ta duba takardunsa, ta ajiye rasit, ta nemo madadi ranar da ya ce ba shi da lafiya. Matar da ba ta karanta Turanci sai an karanta mata. Wannan shi ake kira zaɓi.

Hujja ta huɗu: wai gara mutum ya kasance cikin al'umma, ko ya yi aiki, da ya zauna a gini na daban. To, mu duba al'ummar. A garinmu ɗakin karatu na unguwa kwana uku yake buɗewa a mako, wurin ninkaya an rufe shi, layin bas biyu an soke. Mutumin da ke kan keke, wanda sai an ɗaga shi da na'ura kafin a canja masa kaya, yana buƙatar banɗaki mai gado da na'urar ɗagawa. Irin waɗannan banɗakuna nawa ne a tsakiyar garinku? Ku ƙirga. Na taɓa ganin uwa ta shimfiɗa zane a ƙasan banɗakin babban kanti tana canja wa ɗanta mai gemu kaya, ban manta da fuskarta ba har yau. Ku shiga kowace babbar kasuwa ta zamani ranar Talata da hantsi cikin hunturu, za ku ga mutum a keke da ma'aikaci a bayansa yana danna waya, suna zagaye ba sa sayen komai, suna jiran lokaci ya cika. A takardar hukuma an rubuta cewa wannan mutum yana "cikin al'umma". A cibiya yana da abokai talatin da suka san sunansa, yanzu yana da mutum ɗaya da ake biya ya tura shi.

Batun aiki kuwa, alkaluman gwamnati da kanta sun nuna cewa cikin manya masu tawayar fahimta da ƙananan hukumomin Ingila ke tallafa wa, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai ke da aikin da ake biyansu. Shekara ashirin da wani abu ana waƙar aiki, adadin bai motsa zuwa sama ba. Ina fata ya ninka sau goma. Amma ba a rushe wa mutum ɗaki a ce ya koma gidan da ko tubalinsa ba a buga ba. Kuma akwai waɗanda, kamar ƙanena, ba za su taɓa riƙe aikin albashi ba, kuma rayuwarsu ba ta ragu da komai ba saboda haka. Tsarin da ya manta da su ya manta da waɗanda suka fi kowa buƙata.

Akwai wata hujja ta biyar da ba a rubutawa, sai dai a faɗa maka a gefe bayan taro: "Gaskiya kuɗi ne babu." Wannan na fi girmama ta, domin aƙalla gaskiya ce. Kula da manya da yara ya cinye mafi yawan kasafin ƙananan hukumomi, kuma Northamptonshire a 2018, Croydon a 2020, Birmingham da Nottingham a 2023 duk sun durƙushe. Laifin gwamnatocin Landan ne da suka yi ta ɗage gyaran tsarin kula da jama'a shekara bayan shekara, kowace jam'iyya da nata kason. Amma ko ta fuskar kuɗin ma lissafin bai fita ba. Uwa mai kula da ɗanta aƙalla sa'o'i 35 a mako, in ta cancanta, alawus ɗinta a Afrilun 2025 ya kai fam 83.30 a mako. Ku raba, bai kai fam biyu da rabi a awa ba. Irin su Umma da suka shiga fansho ma galibi ba sa karɓarsa. Waɗannan mata su ne ginshiƙin da ya riƙe tsarin gaba ɗaya, kuma cibiyar yini ita ce ɗan hutun da ke hana ginshiƙin karyewa. Ranar da Umma ta faɗi, hukumar da ta yi tsimin kuɗin mota da na ma'aikata uku ita za ta nemo wa ƙanena gidan kula na dare da rana, mai cin ninkin-ba-ninkin abin da ta adana, wataƙila a wani gari mai nisan mil ɗari. Kuma mun san inda irin wannan hanya take kaiwa in mutum ya ruɗe don an raba shi da duk abin da ya sani, aka fara rubuta cewa "halinsa ya yi wuya". A 2011 shirin Panorama na BBC ya nuna yadda ake dukan masu tawayar fahimta a asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, ma'aikata goma sha ɗaya suka amsa laifi a kotu. Aka yi rantsuwa ba za a sake ba. A 2019 shirin ya sake nuna irin haka a Whorlton Hall. Mutanen da ke mutuwa kimanin shekara ashirin kafin sauran jama'a, su ne ake cire wa idon da ke ganinsu kullum, idon da zai lura yau wane ya rame, wane yana ɗingishi, wance ta daina dariya.

Sai batun jin ra'ayi. Na je taron da aka kira. Ƙarfe biyu na rana ranar aiki, a ɗakin da ke hawa na biyu. An raba takarda mai tambayoyi irin su "Shin ka yarda mutane su samu ƙarin zaɓi?" Wa zai ce a'a? Babu tambayar da ta ce "Shin ka yarda a rufe cibiyarku?" Wata dattijuwa Baturiya, ɗiyarta na cibiyar tun kafin ƙanena, ta ɗaga hannu ta tambaya ko kuɗin da za a adana an riga an sa shi a kasafin baɗi. Jami'in ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce an sa, amma "ba a yanke hukunci ba". An yanka rago, an feɗe, sannan aka zo ana tambayarmu ko muna ganin ya dace a yanka.

Dokar ƙasar nan ba ta yarda da haka ba, kuma ya kamata kowa a cikinmu ya sani. Tun shari'ar Gunning ta 1985 kotu ta kafa sharuɗɗa huɗu: a ji ra'ayi tun shawara ba ta nuna ba, a ba da cikakken dalili yadda mutum zai iya ba da amsa mai ma'ana, a ba da isasshen lokaci, kuma a yi la'akari da abin da aka ji da gaske. Kotun Ƙoli ta jaddada su a 2014. A wannan shekarar ce kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa hukumar Shropshire ta saɓa doka da ta rufe cibiyar Hartleys ta garin Shrewsbury ba tare da ta ji ra'ayin masu zuwa wurin a kan rufe ita wannan cibiyar ba, ko da yake ta yi taruka a kan "sabon tsari" gaba ɗaya. Amma ku ji ƙarshen labarin: kafin hukuncin ya fito an riga an rufe wurin, ma'aikata sun watse, kotu ba ta ce a sake buɗewa ba. Sun yi nasara a takarda, ƙofa kuma tana nan a kulle. Darasin shi ne ihu bayan hari ba ya dawo da shanu.

A nan zan juyo kanmu, kuma ku yi haƙuri da ni. A taron nan mutum kusan sittin ne. Na san aƙalla gidaje biyar na mutanenmu, Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma, da ke da 'ya'ya a cibiyoyin da abin ya shafa. Ni kaɗai na je. Na kira wata Hajiya daga baya, ta ce, "Ɗana, mu baƙi ne, abin da suka ba mu ma mun gode." Wani kuma ya ce ba ya son a san yana da irin wannan yaron, saboda 'yan'uwansa mata ba su yi aure ba. Mun ɗauko kunyar nan tun daga gida, inda ake ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo, mun biya mata kuɗin jirgi mun kawo ta nan. Ana suna, ana biki, ana taron ƙungiya, sau nawa kuka ga an zo da su? Muna zargin hukuma da cewa ta mayar da su falo gaban talabijin, alhali wasunmu tun kafin hukuma ta yi mun riga mun yi. Kuma shirun nan yana da farashi: jami'i zai rubuta a rahotonsa cewa babu ƙorafi daga iyalan tsiraru, a ɗauka mun yarda. Haƙuri da ƙaddara daban, sallama haƙƙin wanda ba zai iya yi wa kansa magana ba daban. Wannan ba kyauta ake ba mu ba. Dokar Care Act ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta auna buƙatun mutum kuma ta biya waɗanda suka kai mizani, kuma muna biyan haraji kamar kowa.

To me nake so a yi? Ban ce a bar komai yadda yake ba. Cibiyar ƙanena ma tana da abin gyara: ana rufewa ƙarfe uku kamar makarantar firamare, babu komai da yamma ko ƙarshen mako, kuma matasa masu ƙarfi suna gundura. Gyara na gaskiya yana da alamomi da kowa zai iya gani. A buɗe sabon kafin a rufe tsohon. A bar wuri guda tabbatacce mai banɗaki da na'ura da ma'aikatan da suka san mutane, daga nan a riƙa fita zuwa lambu ko kwaleji ko wurin aiki, a dawo. Abokai da suka shekara ashirin tare a matsar da su tare. Sa'o'in da iyali ke samu kada su ragu sai in an nuna a rubuce cewa buƙata ce ta ragu. A sa masu lalurar da iyayensu a teburin tun ranar farko, kafin a rubuta kasafi. Sannan bayan shekara guda a dawo a ƙirga a gaban jama'a: mutum nawa suka samu aiki, mutum nawa ke zaune a gida, iyaye nawa suka bar aikinsu. Hukumar da ta yarda da waɗannan sharuɗɗa, ni zan fara yi mata tafi. Wadda ta ƙi, ta daina kiran abin da take yi gyara.

Ga wanda irin wannan takarda ta zo masa, ga abin da na koya cikin makonnin nan. Kada ka yarda da komai a waya, ka ce a rubuto. Ba a rage wa mutum tallafi sai an sake duba tsarin kula da shi tare da shi da mai kula da shi, kuma kuɗin da aka ware dole ya isa biyan buƙatun da aka amince da su. Kuɗin hannu ba dole ba ne, mutum ne ke nema, ba a ɗora masa. Uwa ko uba ko 'yar'uwa mai kula tana da haƙƙin a auna nata buƙatun daban, kuma in an tambaye ta ko za ta iya ƙarin sa'o'i, ta faɗi gaskiya, kada kunya ta sa ta ce "babu komai", domin "babu komai" ɗin nan za a rubuta. Wanda ba shi da mai tsaya masa, doka ta ce a nemo masa mai magana da yawunsa mai zaman kansa. Ka nemi tafinta in kana buƙata. Ka rubuta wa hukumar a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000 ka tambayi mutum nawa aka tura cibiyar kowace shekara cikin shekara biyar da suka wuce, suna da kwana ashirin na aiki su amsa. Ka nemi rahoton da suka yi na tasirin shawarar a kan naƙasassu, wanda dokar daidaito ta 2010 ta sa dole su yi la'akari da shi. Ka je wurin kansilan unguwarku ido da ido, ƙuri'arka yake nema. In kuma ta kai ga kotu, ka tuna ƙalubalantar hukuncin hukuma yana da wa'adi, wata uku ne iyaka, kuma ana so a yi tun kafin nan, don haka a nemi lauya da wuri.

Jiya da safe motar ta zo kamar kullum. Ƙanena ya riga ya sa takalmi tun ƙarfe takwas, yana tsaye a taga da jakarsa. Bai san da takardar ba, kuma har yanzu ban san yadda zan gaya masa ba. Umma ta raka shi ƙofa, ta dawo ta zauna ta ce mini, "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, wanda zai san shi bayan raina nake tunani."

Za a rufe karɓar ra'ayi a garinmu ƙarshen wata mai zuwa. Duk wanda irin wannan ta taso a garinsa ya rubuta a ƙasa, mu san junanmu, wanda ya iya Turancin ofis ya taya wanda bai iya ba cike takarda. In taro ya zo, mu je, kuma mu je da su, a gan su. Allah Ya ba iyayenmu lada, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.